Nawa ake so mutum ya samu kafin ya kai matarsa Ingila ko Amurka? Tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan na tattaro su ne daga mutanenmu na nan Kaduna, wasu iyayen amare ne wasu kuma angwayen ne da kansu. Kafin mu fara a sani cewa alƙaluman nan suna canjawa, Amurka duk shekara take sabunta nata, don haka ranar da za a cike fom a sake leƙa shafin gwamnatin ƙasar.

Tambaya: Malam, mijin 'yata yana Ingila kuma yana aiki, amma shekara ta zagayo yana ce mana wai albashinsa bai kai ba. Anya ba hanya-hanya yake mana ba?

Amsa: Baba ku yi haƙuri da shi, da wuya in ba gaskiya yake faɗa ba. Ingila ta kafa dokar mafi ƙarancin albashi tun watan Yulin 2012, lokacin fam 18,600 ne a shekara, ana ƙara 3,800 in da yaro ɗaya sannan 2,400 a kan kowane yaro bayansa. To ranar 11 ga Afrilun 2024 suka ɗaga shi zuwa fam 29,000, sai dai sun cire ƙarin nan na yara. Har an so a kai shi 38,700 amma gwamnatin Leba da ta hau a shekarar ta dakatar. Fam 29,000 ɗin nan kafin a cire haraji ne, wato wajen fam 2,417 duk wata, kuma akwai mutane birjik a can, har da Turawan kansu, da suke aiki safe da yamma amma ba su kai nan ba. Mu a nan in muka juya shi zuwa naira sai mu ga ai attajiri ne, su a can lissafin daban ne. Ku tambaye shi cikin lalama ya nuna muku takardar albashinsa ta wata shida, nan za ku gane inda aka tsaya.

Amma fa wannan dokar ta wanda yake da fasfon Birtaniya ce ko takardar zaman dindindin. In bizar aiki ko ta karatu yake kai, layinsa daban ne, kuma tun 2024 aka hana yawancin masu karatun mastas da masu aikin kula da tsofaffi kai iyali gaba ɗaya.

Tambaya: Ni a can aka haife ni, ina da fasfo ɗinsu, amma a Kaduna nake zaune nake aiki kuma nan na yi aure. Albashina na nan zai shiga lissafi?

Amsa: Yauwa, nan ne gizo yake saƙar. Zai shiga, amma da sharaɗi biyu kuma dole su haɗu, ɗaya ba ya isa. Na farko, ya zama aikin da kake yi a nan yana ba ka daidai da fam 29,000 a shekara kuma ka yi aƙalla wata shida a wajen, ko kuma in ka canja aiki ko ka bari, ka nuna cewa a wata goma sha biyun da suka wuce abin da ya shigo hannunka ya kai hakan. Na biyu, ya zama kana da takardar ɗaukar aiki daga can, aikin da za ka fara cikin wata uku da komawarka, shi ma albashin ya kai 29,000.

Yanzu ɗauko kalkuleta. In muka sa fam ɗaya a kan naira 2,000, fam 29,000 naira miliyan 58 kenan a shekara, kusan miliyan biyar duk wata. Wa yake ɗaukar wannan a Kaduna? Ko babban likita a Barau Dikko ko farfesa a jami'a bai doshi wajen ba, sai dai wanda ƙungiyar ƙasa da ƙasa take biya da dala ko mai yi wa kamfanin waje aiki ta intanet. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023 abin da ɗan dama-dama, yanzu kam faɗuwar naira ta rufe wa kusan kowa wannan ƙofar, don da canjin ranar da ka tura fom suke lissafi, ba ruwansu da cewa albashinka a Malali yana riƙe gida da mota da masu aiki.

Shi ya sa mafi yawan mutane abin da suke yi shi ne mijin ya fara tafiya shi kaɗai, ya kama aiki, ya yi wata shida cif yana tara takardun albashi, sannan ya nema wa matar. Amarya kuma tana gidansu ko gidan surukai tana jira. Ba daɗi, ga surutun dangi wai ya gudu ya bar ta, amma a ganina ita ce hanyar da ta fi tsafta ga wanda ba shi da ajiya mai kauri. Gara a faɗa wa iyayenta tun kafin a sa rana cewa tarewa za ta ɗau lokaci, da a zo ana ƙananan maganganu daga baya.

Tambaya: To ai matar tawa ma tana aiki a banki a nan Yakubu Gowon Way, ba za a haɗa da nata ba?

Amsa: A'a. Muddin daga waje take nema, albashinta na nan ba ya shiga, don a wajensu aikin zai ƙare ranar da ta hau jirgi. Ajiyarta dai tana shiga. Sai ta isa can ta fara aiki, lokacin sabunta biza, sannan za a iya haɗa naku biyu. Bizar farko wata 33 ce, a sabunta na wata 30, in an cika shekara biyar a nemi zaman dindindin, kuma kowane zango sai an sake nuna kuɗin.

Tambaya: In albashi bai kai ba, ajiya za ta iya cike giɓin?

Amsa: Za ta iya, amma lissafin nasu akwai mugunta a ciki. Fam 16,000 na farko ba sa ƙirga shi sam. Abin da ya rage maka ka kai 29,000 za ka ninka sau biyu da rabi, ka ɗora a kan 16,000 ɗin. Misali kana ɗaukar 25,000, giɓi 4,000 kenan, sau biyu da rabi 10,000, ka haɗa da 16,000, to ajiyar fam 26,000 ake so a gani. In kuwa ba ka da albashi ko kaɗan ajiya zalla za ka nuna, fam 88,500 ne, a canjin da muka ɗauka ɗazu naira miliyan 177. Kuma kuɗin ya kwana wata shida a asusunka ko nata ko na haɗin gwiwa, bai taɓa sauka ƙasa da adadin ba ko na rana ɗaya, sannan ka rubuta inda ka samo shi. Wanda ya nuna 88,500 ba ya buƙatar takardar aiki, shi ya sa masu hali suke bin nan su tafi tare da iyalinsu lokaci guda.

Tambaya: Alhajinmu yana da shaguna a kasuwar Gumi da gidaje a Unguwar Rimi, ya ce zai tsaya min. Hakan bai isa ba?

Amsa: A Ingila bai isa ba, wallahi ko rabin garin nan nasa ne. Ba sa karɓar alkawarin wani cewa zai riƙa taimaka muku. Abin da Alhaji zai iya shi ne ya ba ka kuɗin kyauta, kyauta ta gaske ba rance ba, ya shiga asusunka ya yi wata shida, da wasiƙar da ta nuna daga shi ne. Gida ko fili kuma in dai ba a sayar ba ba kuɗi ba ne a wajensu, sai dai kuɗin haya in gidan da sunanka yake kuma hayar ta banki take shigowa. In ka sayar da gidan da ka mallaka sama da wata shida, kuɗin zai iya shiga ko bai kwana wata shida ba, amma da takardun mallaka da na ciniki a jere.

Nan ne mutanenmu suke shan kaye, ba don talauci ba. Mutum yana juya miliyoyi a Panteka ko Kasuwar Barci, ciniki hannu da hannu, wani kuɗin yana adashi, wani an sa a shanu a ruga, wani yana wajen ɗan canji, filin ma da takardar mai unguwa aka saya ba a je KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jiha, ba. Ma'aikacin da zai duba fayil ɗinka bai san ka ba, ba zai zo ya ga shagon ba, takarda kawai yake karantawa. Kuɗin da banki bai shaida ba a wajensa babu shi. Ɗan kasuwa mai zaman kansa ma takardun haraji na cikakkiyar shekara ake nema, to wanda bai taɓa biya ba me zai nuna? In kana da niyyar wannan tafiyar, tun shekara guda kafin nan ka fara bi da komai ta banki.

Tambaya: Wani ejan ya ce zai zuba min kuɗi a akawun na 'yan kwanaki a ciro sitatimen, in ba shi kaso.

Amsa: Kar ka soma. Akawun da yake ganin dubu ɗari uku a wata rana ɗaya ya wayi gari da miliyan ɗari, ko yaro ya san akwai magana. Za su hana bizar, kuɗin fom na wajen fam 2,000 ya tafi kenan ba a mayarwa, kuma ƙaryar ta zauna a fayil ɗin matarka. A Amurka ma ya fi muni, wanda aka kama da ƙarya a neman biza haninsa na har abada ne sai in an yi masa afuwa ta musamman.

Tambaya: Amurka fa, haka nata yake?

Amsa: Nata ya fi sauƙi ta fannin kuɗi. Bayan fom I-130 na nema wa matar izinin shiga, akwai I-864, wato rantsuwar ɗaukar nauyi, kuma abin da ake so shi ne samunka ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talaucinsu. A 2025 gidan mutum biyu dala 26,437 ne, yana ƙaruwa da yawan waɗanda kake ciyarwa. In bai kai ba kadara tana cikewa, ɗan ƙasa mai neman wa matarsa zai nuna ninki uku na giɓin, mai girin kad, wato takardar zaman dindindin ta Amurka, ninki biyar. Wanda yake samun dala 20,000, giɓinsa 6,437, kadarar dala 19,311 kenan, wadda za a iya mayarwa kuɗi cikin shekara.

Babban bambancin shi ne su sun yarda wani ya tsaya maka. Yayanka ko abokinka, ba sai ɗan'uwa na jini ba, in dai ɗan ƙasa ne ko mai girin kad, ya kai shekara 18, yana zaune a Amurka kuma samunsa ya kai. Sai dai a gaya masa gaskiya kafin ya sa hannu, don alkawari ne da kotu take kama mutum da shi, ba ya faɗuwa sai matar ta zama 'yar ƙasa, ko ta tara aikin wajen shekara goma, ko ta bar ƙasar gaba ɗaya, ko mutuwa. Saki ba ya warware shi, ko auren ya mutu nauyin yana nan a wuyan wanda ya sa hannu.

Ga mai zaune a Kaduna kuma akwai tarko biyu. Albashinka na nan ba ya shiga sai in wajen da yake biyanka yanzu zai ci gaba da biyanka bayan ka koma. Sannan dole ka nuna cewa Amurka ce mazauninka ko kana shirin komawa kafin matar ko tare da ita, irin su takardar aiki, hayar gida, asusun banki a can. Ga haraji, ɗan Amurka ko a Rigasa yake zaune doka ta ce ya cike takardar harajinsa duk shekara in samunsa ya kai, da yawa ba su sani ba sai an nemi ta shekarar ƙarshe ido ya raina fata. Intabiyu a Legas ake yi ba Abuja ba. Kuma Amurka takan rufe ƙofar gaba ɗaya, a farkon 2020 Trump ya dakatar da bizar zama ga 'yan Najeriya sai da Biden ya hau a 2021 ya buɗe, don haka a fara bincika ko a buɗe take kafin a kashe ko sisi.

Tambaya: Na ji wai Kanada ba ta tambayar albashi?

Amsa: Haka ne a mafi yawan lokuta, in mata ko miji ne babu adadin da aka yanka. Za ka sa hannu ka ɗauki nauyinta shekara uku, kuma kar ya zama kana karɓar tallafin gwamnati in ba na nakasa ba. Ɗan ƙasa zai iya nema daga nan in ya nuna zai koma, mai zaman dindindin kuwa sai yana can.

Tambaya: Ina da mata biyu kuma kuɗina ya kai na biyun, zan iya kai su duka?

Amsa: Ba maganar kuɗi ba ce wannan Alhaji. Ƙasashen nan uku babu wadda take ba mata ta biyu bizar aure, Ingila in ɗaya ta riga ta shiga a matsayin matarka to ɗayar ba ta da hanya ta nan. Haka amaryar da ba ta cika 18 ba, a Ingila da Kanada sai ta cika.

Tambaya: Bayan albashin, me kuma za mu tanada?

Amsa: Na Ingila akwai kuɗin asibiti fam 1,035 duk shekara, a bizar farko fam 3,105 ake biya a dunƙule, shi kam ana mayarwa in an hana. Akwai jarabawar Turanci matakin A1, wato mataki mafi ƙasa, da gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi, na Abuja ya fi mana kusa, a hau jirgin ƙasa daga Rigasa. Sai shaidar gidan da za ku zauna. Sannan a kula da kwanan wata, takardar albashi da sitatimen na ƙarshe kar su wuce kwana 28 kafin ranar tura fom, kuma abin da yake kan takardar albashi ya zama shi ne daidai ya faɗa banki duk wata, a haɗa da wasiƙar wajen aiki mai nuna muƙami da albashi da ranar fara aiki.