Lincoln da bayi: amsar tambayoyin da ake ta maimaita mini

Wane ne Abraham Lincoln?

Shugaban Amurka na 16, daga 1861 zuwa 1865. Wanda bai san wannan ba, bai kamata ya shiga gardamar ba tukuna.

Ya taɓa mallakar bayi?

A'a. Shugabannin da suka gabace shi irin su Washington da Jefferson ne suka mallaka. Ku daina cuɗanya su.

Don 'yanta bayi ya shiga yaƙin basasa, wanda aka gwabza tsakanin jihohin Arewa da na Kudu masu son ɓallewa?

Da farko dai a'a. A watan Agustan 1862 ya rubuta wa ɗan jarida Horace Greeley cewa in zai iya hana ƙasar wargajewa ba tare da ya 'yanta ko bawa ɗaya ba, haka zai yi.

To in an tambaye ni a aji ko a muhawara, in ce shi ya 'yanta bayi ko ba shi ba?

Kwantar da hankalinka, tambayar ba ta amsuwa da i ko a'a. Sanarwar 'yanta bayi da ya sa wa hannu ran 1 ga Janairun 1863 ta shafi jihohin da suka yi tawaye ne kawai. Bayin Kentucky da Maryland da Delaware da Missouri, inda ba a ɓalle ba, ba ta taɓa su ba, domin yana tsoron kada jihohin nan su koma wa abokan gaba. Sai dai kada ka ce takardar banza ce. Daga ranar, duk inda sojan Arewa ya sa ƙafa a yankunan da sanarwar ta shafa, bawa ya zama ɗa. Kuma ita ta buɗe wa baƙaƙen fata ƙofar shiga soja, kusan 180,000 suka ɗauki bindiga. Da yawansu da ƙafarsu suka gudo daga gonakin auduga, ba su jira kowa ba. Abin da ya kashe bautar a doka shi ne gyara na 13 ga tsarin mulki. Lincoln ya matsa wa majalisar wakilai har ta amince a Janairun 1865, amma bai ga tabbatarsa a Disamba ba, ya riga ya mutu. Ni in ni ne, sai in ce yana da hannu babba, amma ba shi kaɗai ba, in kuma kawo shekarun nan.

Me ya sa kullum kake kawo zancen 'yan ƙabilar Dakota?

Saboda ku ba kwa kawowa! Ran 26 ga Disambar 1862 an rataye mutum 38 daga wannan ƙabila ta 'yan asalin Amurka a garin Mankato na jihar Minnesota da amincewarsa, bayan yaƙin da suka yi da gwamnati. Kotun soja ta yanke wa 303 hukuncin kisa, ya sassauta wa mafi yawansu. Ku riƙa faɗin duka biyun.

Ya ɗauki baƙi da fari daidai?

A muhawarar da ya yi da abokin takararsa Stephen Douglas a 1858 ya ce a'a ƙarara. Daga baya ya sassauto.

Wa ya kashe shi?

John Wilkes Booth, ɗan wasan kwaikwayo, ya harbe shi daren 14 ga Afrilun 1865, ya mutu washegari. Kwana uku kafin nan ya ji Lincoln yana cewa a bai wa wasu baƙaƙe damar jefa ƙuri'a.