Gidan Wasan Kwaikwayo na Stephen Joseph a Scarborough

Gidan Wasan Kwaikwayo na Stephen Joseph yana garin Scarborough da ke bakin teku a yankin Yorkshire, arewa maso gabashin Ingila. Shi ne gidan wasa na ƙwararru na farko a Birtaniya da ya sa dandamali a tsakiya, 'yan kallo suka zagaye 'yan wasa ta kowace kusurwa, kamar yadda ake kewaye 'yan dambe a fili.

Stephen Joseph, wanda aka haifa a 1921, ɗa ne ga shahararriyar 'yar wasa Hermione Gingold. A Amurka ya ga irin wannan tsari, ya dawo gida da niyyar gwada shi. A shekarar 1955 ya samu aron wani ɗaki a bene na ɗakin karatu na garin Scarborough, ya jera kujeru a zagaye, aka fara wasa a lokacin zafi, sa'ad da masu hutu ke cika garin. Babu labule, babu bango a bayan 'yan wasa, kuma duk inda ɗan wasa ya juya sai ya ba wani ɗan kallo baya. Wannan ya tilasta wa masu shirya wasa su riƙa motsa 'yan wasa a kai a kai, su kuma rage kayan ado, domin kujera mai tsayi ko kabad na iya tare wa rabin jama'a gani.

A 1957 wani matashi mai suna Alan Ayckbourn ya shigo ƙungiyar wasan ta Joseph a matsayin ɗan wasa kuma mai kula da bayan fage. Joseph ne ya ƙarfafa masa gwiwa ya fara rubutu, aka nuna wasansa na farko a 1959. Joseph ya rasu a 1967. Ayckbourn ya karɓi ragamar gidan a 1972, bai sauka ba sai 2009. Kusan dukkan wasanninsa, waɗanda yawansu ya haura 80, a nan aka fara nuna su kafin su wuce Landan da sauran ƙasashe. Ba kasafai ake samun marubuci mai irin wannan suna ya zauna a ƙaramin gari ya ƙi komawa babban birni ba, kuma wannan zaman nasa ne ya ɗaga darajar gidan.

Sau biyu ƙungiyar ta yi ƙaura. A 1976 ta bar ɗakin karatu ta koma tsohuwar makarantar sakandaren maza da ke Westwood, a cikin garin Scarborough. A can ne aka fara nuna The Woman in Black a 1987, wasan da ya koma Landan a 1989 aka yi ta nuna shi har zuwa 2023. Daga nan, a 1996, aka tare a tsohon gidan silima na Odeon da ke daura da tashar jirgin ƙasa, ginin da aka buɗe tun 1936. Yanzu yana da zaure biyu: babban mai zagaye yana ɗaukar mutum 404, ƙaramin kuma, mai suna McCarthy, yana ɗaukar 165, ana kuma haska fina-finai a cikinsa.