Cibiyar MAK ta Fasaha da Zanen Gine-gine a Gidan Schindler

Cibiyar MAK wuri ne na baje kolin fasahar zamani da nazarin zanen gine-gine da ke garin West Hollywood, a yankin Los Angeles na jihar Kaliforniya, ƙasar Amurka. Reshe ce ta gidan adana kayan fasaha na MAK da ke Viyana, babban birnin Ostiriya. An kafa ta a 1994, kuma mazauninta shi ne gidan da mai zanen gine-gine Rudolph M. Schindler ya gina wa kansa a lamba 835, titin North Kings Road. Masana da dama na ɗaukar gidan a cikin gidajen farko na salon ginin zamani a duniya.

Asalin gidan

An haifi Schindler a Viyana a 1887. Ya yi ƙaura zuwa Shikago a 1914, daga baya ya shiga aiki a ƙarƙashin mai zanen gine-gine Frank Lloyd Wright, wanda ya tura shi Los Angeles a 1920 don ya kula da ginin gidan Hollyhock. A ƙarshen 1921 ya je hutu dajin Yosemite tare da matarsa Pauline, suka yi zaman tanti. Daga nan ya dawo da tunanin gidan da zai kasance da bango mai ƙarfi ta baya, buɗe ta gaba, da murhu a waje.

Gidan na iyali biyu ne: Schindler da matarsa, sai abokansu Clyde da Marian Chace. Clyde injiniya ne, shi ya riƙe aikin ginin, aka fara a farkon 1922, aka tare kafin tsakiyar shekarar ta wuce da nisa. Kuɗin da aka kashe ya ɗan haura dala 12,000.

Tsari da yadda aka gina shi

Babu falo, babu ɗakin cin abinci, babu ɗakin kwana irin wanda aka saba. Kowane ɗaya daga cikin mutum huɗun yana da babban ɗakinsa na aiki da zama. Ɗakuna biyu na kowane iyali sun haɗu a kusurwa, sun rungume tsakar gidansu, wadda ke da nata murhun. Madafa ɗaya ce a tsakiya, ta kowa, an tsara matan su riƙa karɓa-karɓar girki. Akwai kuma sashen baƙi. Wurin kwana yana kan rufi: 'yan rumfuna ne na katako da kyalle mai kauri, iska na ratsa su.

Bangon shi ne abin da ya fi jan hankalin magina. An fara zuba daɓen kankare a ƙasa. A kan daɓen aka shimfiɗa ma'auni na katako, aka shafa sabulu don kada sabon kankare ya manne da na ƙasa, sannan aka zuba kowane falle a kwance, faɗinsa ƙafa 4. Idan ya bushe, sai a ɗaga shi tsaye da igiya da majanyi mai ƙafa uku, aikin da mutum biyu ke iya yi. Fallen ya fi kauri a gindi, yana sirancewa zuwa sama, domin a rage nauyi da siminti. Tsakanin falle da falle an bar rata ta kusan inci 3, wasu aka toshe da kankare, wasu aka sa musu gilashi, shi ya sa haske ke shigowa a tsaye, siriri, daga ƙasa har sama. Mai zanen gini Irving Gill ya riga ya yi amfani da wannan dabara a Kaliforniya, kuma Chace ya yi aiki da shi.

Ɓangaren da ke fuskantar lambu kuwa katako ne na jan icen Kaliforniya, da gilashi, da ƙofofin turawa masu kyalle. Daɓen ɗaki da ciyawar waje kusan tsayinsu ɗaya. Ba a yi wa kankaren yaɓe ko fenti ba, an bar shi da tabonsa.

Wannan sauƙin yana da farashi. Rufin shimfiɗaɗɗe ne, saboda haka ruwa na kwanciya ya yi yoyo. Katakon da ke kusa da ƙasa yana shan danshi ya ruɓe, kyallen ƙofa na lalacewa da rana, kuma bangon bai da abin tare sanyi.

Mazauna

Iyalin Chace sun tashi a 1924. Richard Neutra, mai zanen gini kuma abokin Schindler tun Viyana, ya zauna a sashensu da iyalinsa daga 1925 zuwa 1930. Shi da Schindler sun rabu ba a kan daɗi ba, kuma marubuta sun saɓa kan wanda ya fi laifi. Pauline ta mai da gidan matattarar masu zane, makaɗa da 'yan siyasar neman sauyi. Dillaliyar zane-zane Galka Scheyer da makaɗi John Cage na cikin waɗanda suka taɓa zama a nan. Pauline ta bar gidan a 1927, ta dawo wajen ƙarshen shekarun 1930. Ko bayan mutuwar aurenta da Schindler, kowa ya ci gaba da zama a nasa ɓangaren: shi har rasuwarsa a 1953, ita har 1977.

Schindler yana raye bai samu yabon da ya dace ba. Babban baje kolin ginin zamani da aka yi a New York a 1932 bai saka aikinsa ba.

Ceto da kafa cibiyar

An shigar da gidan rajistar wuraren tarihi ta Amurka a 1971. Ƙungiyar Abokan Gidan Schindler, wadda aka kafa a 1976, ta mallake shi a 1980, ta soma cire fenti da sauran ƙare-ƙaren da aka yi masa don a komar da shi kamanninsa na farko. A 1994 ta ƙulla yarjejeniya da MAK, lokacin da Peter Noever ke shugabancin MAK ta Viyana. Gidan ya ci gaba da zama mallakar ƙungiyar, cibiyar kuma ke gudanar da shirye-shirye.

Ayyukan yau

Ana shirya nune-nune, laccoci, kiɗe-kiɗe da zagayen gine-gine. Kasancewar gidan kayan tarihi ne, ba a huda bangonsa yadda aka ga dama, kuma zafi da danshin cikinsa na bin yanayin waje. Wannan ya sa ayyukan da aka ƙirƙira domin wurin suka fi dacewa da shi.

Cibiyar na kula da wasu gine-ginen Schindler biyu. Gidajen haya na Mackey, na 1939, gwamnatin Ostiriya ta saya a 1995. A nan ake sauke masu fasaha da masu zanen gini daga ƙasashe daban-daban na wata shida-shida. Gidan Fitzpatrick-Leland, na 1936, kyauta ce daga Russ Leland, a wajajen 2007.

Taƙaddamar maƙwabtaka

A farkon shekarun 2000 cibiyar ta yi adawa da shirin gina bene mai gidaje da yawa a filin da ke jikin gidan, saboda tsoron zai tare masa haske. An gina benen bisa zanen Lorcan O'Herlihy, wanda ya rage tsayin ɓangaren da ke kallon Gidan Schindler.