Hunturu da jarkar fetur: a kula da tartsatsin da ke fita daga jiki

Jama'a, hunturu ya kama, kuma da yawanmu mun san abin nan: ka sauko daga mota, ka kai hannu ƙofa, sai ka ji tsut a yatsa. Ko ka cire rigar sanyi cikin duhu ka ga tana ƙyalli tana ƙas-ƙas. Wutar lantarki ce ta gaske, irin wadda ke taruwa idan abu biyu sun gogi juna.

Idan roba, leda, nailan ko gashi suka gogu da wani abu, ɗaya yakan ƙwace ƙananan ƙwayoyin lantarki daga ɗayan. Da yake roba da nailan ba sa barin wuta ta bi ta cikinsu, cajin sai ya maƙale a kansu. Yara ma sun sani, shi ya sa suke goga biro a kai su ɗauki guntayen takarda. Da damina laimar iska takan zuƙe wannan caji a hankali. Da hunturu kuwa iska ta bushe ƙayau, caji ya yi ta taruwa har ya sami ƙarfe ya tsallaka. Kafin mutum ya ji wannan tsut ɗin, ƙarfinsa yakan kai wajen volt 3,000.

Ga lafiyayyen mutum wannan ba ya illa. Damuwata tana wajen fetur. Tururinsa ne ke kamawa, ya fi iska nauyi, yana kwanciya ƙasa-ƙasa a kewayen jarka, kuma ko tartsatsin da bai kai wanda muke ji ba zai iya tayar da shi. Shi kansa fetur yana tara caji yayin da yake gudu cikin tiyo ko yake zuba cikin jarkar roba. Wanda ya tuna gobarar tankar mai a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024, inda sama da mutum 150 suka rasu, ya san fetur ba abin wasa ba ne.

Don haka ina roƙon 'yan bumburutu, 'yan acaɓa, masu janareta da manoman rani masu injin ban ruwa: a sauke jarka ƙasa kafin a zuba mai. Kada a cika ta a kan babur, cikin but ko a bayan a-kori-kura. Bakin tiyon ya riƙa taɓa bakin jarkar har a gama, a zuba a hankali. Direba, idan ana ba ka mai kada ka koma ka zauna ka sake fitowa, domin gogar kujera na cajin jikinka. In ka yi hakan, taɓa ƙarfen motar nesa da bakin tanki tukuna. Kayan auduga sun fi na nailan aminci ga mai wannan sana'a.

In wuta ta tashi, kada a watsa ruwa, domin fetur yana hawa kan ruwa ya yaɗu; a rufe ta da yashi. Wanda ya ƙone, a yi ta zuba masa ruwa mai tsabta a wurin na minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta, a garzaya asibiti. Don Allah ban da shafa manja, ƙwai, toka ko man goge baki.