Farfaɗo da bodi da shasin tsohuwar mota mai tsatsa a gida

Farfaɗo da tsohuwar ƙaramar motar ɗaukar kaya aiki ne na yanke ƙarfen da tsatsa ta cinye a jikinta da ƙarƙashinta, a mayar da lafiyayyen ƙarfe a gurbinsa, sannan a rufe shi yadda ruwa ba zai sake samun hanya ba. Motocin da aka fi yi wa wannan hidima sun haɗa da Volkswagen Type 2, wadda ake kira Kombi, da aka fara ƙerawa a Jamus a 1950 aka kuma daina a Brazil a 2013, da Citroën H ta Faransa (1947 zuwa 1981), da Ford Transit wadda ta fito a 1965. Inji da giya ana iya sauke su a ɗora wasu. Bodi da shasi kuwa su ne motar, shi ya sa masu wannan aiki suke farawa da su.

Yadda tsatsa ke cin mota

Tsatsa na samuwa ne idan ƙarfe ya haɗu da danshi da iskar oksijin, gishiri kuma yana ƙara mata sauri. Ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi kumburi, don haka takan ɗaga fenti, ta buɗe bakin haɗi, ta ba ruwa sabuwar ƙofa. Yawancin motocin da aka ƙera kafin shekarun 1980 ba a lulluɓe ƙarfensu da zinki ba, cikin ƙarafunansu masu rami kuma kusan tsirara yake. Tururi na taruwa a ciki, laka ta toshe ƙananan hujojin da aka bari don ruwa ya tsiyaye, sai ɓarnar ta fara daga ciki zuwa waje. Idan aka ga fenti ya yi ƙuraje a gindin ƙofa, galibi ƙarfen da ke bayansa ya riga ya ƙare.

Wuraren da suka fi lalacewa su ne dokin ƙofa na ƙasa, bakin ramin taya, mazaunin batir inda ruwan batir ke zuba, ƙarƙashin robar gilashin gaba, magudanar ruwan rufi, da wurin kafa jak.

Duba motar

Ana fitar da kujeru da shimfiɗar ƙasa, a wanke ƙarƙashin, a bi shi da ƙaramar guduma da sukudireba. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai a ji dum, wani lokaci sukudireba ta nutse. Maganaɗisu yana tona asirin gyaran baya: inda ya ƙi kamawa, fila ce aka lafta, wato kwaɓin da ake cike lotsawar bodi da shi kafin fenti. Mota mai sheƙi wadda aka cike ramukanta da fila kyan ɗan maciji gare ta, kuma sau da yawa ta fi wadda tsatsarta ke a fili wahalar gyara.

A Type 2 ƙarafunan shasi a haɗe suke da daben motar da walda, ba a kwance su da noti a raba. Wannan na nufin dabe da dokin ƙofa suna cikin abin da ke ɗauke da nauyi. A Birtaniya, gwajin lafiyar mota na MOT yana kayar da motar da tsatsa ta raunana ƙarfenta a cikin santimita 30 daga maɗaurin sitiyari, ko na birki, ko na sifirin da shokabzoban ƙafafun mota, ko na bel ɗin kujera. Ma'auni ne mai kyau ga kowa a ko'ina wajen sanin inda ba a yin sassauci.

Shiri kafin yanka

Ana cire batir, a sauke tankin mai da bututunsa a kai su nesa, domin tururin fetur a tankin da babu komai ya fi cikakken tanki haɗari. Motar tana zama a kan ƙafafun ƙarfe a daidaitaccen dabe, ba a shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai. Daga nan sai a auna, a rubuta, a ɗauki hoto, a tokare bakin ƙofofi da sandunan ƙarfe da aka ɗana da walda. Wanda ya yanke dokin ƙofa na dama da na hagu lokaci guda ba tare da tokari ba, bodin zai sunkuya, ƙofa ta ƙi rufuwa, kuma mayar da shi daidai babban aiki ne. Gefe ɗaya ake gamawa kafin a taɓa ɗayan, ana barin ƙofofi a jiki don a riƙa duba tazararsu.

Yanka da walda

Ana yanka har sai an kai ga ƙarfe mai haske da cikakken kaurinsa, ko da ramin ya ninka yadda aka zata. Ɗora faci a kan tsatsa ɓata lokaci ne, danshi zai kwanta tsakanin fallayen biyu ya ci gaba da aikinsa. Ana zana siffar ramin a kwali, a yanko sabon falle mai kauri ɗaya da na asali: kusan milimita 0.8 zuwa 1 a jikin bodi, milimita 1.5 zuwa 2 ko fiye a shasi.

Na'urar walda ta MIG, wadda ke turo waya da kanta tana lulluɓe wurin waldar da iska, ita ce ta fi dacewa da mai aiki a gida, da waya mai kaurin milimita 0.6 da iskar argon gauraye da kabon dayoksaid. Siririn falle ba ya jure zafi. Idan aka ja walda doguwa a gefen mota, ƙarfen zai murɗe ya yi tudu da kwari. Don haka ɗigo ɗigo ake yi: a ɗiga nan, a tsallaka can nesa, a jira har a iya ɗora hannu, a dawo, har ɗigon su haɗe su zama layi guda. Gurzawa ma tana kawo zafi, ita ma a hankali ake yinta. Inda kamfani ya haɗa falle biyu da waldar ɗigo, ana huda ɗigon da bakin dirila na musamman, a mayar da su ta hanyar huda sabon fallen a cike hujin da walda. A shasi, waldar da ba ta ratsa zuwa bayan ƙarfe ba ba abin dogaro ba ce, komai kyan fuskarta. Ya kamata sabon hannu ya ƙona guntaye da yawa a kan tebur, yana lanƙwasa su har su karye don ya ga inda suka saki, kafin ya taɓa motar.

Haɗari

Hayaƙin zinki da ke tashi idan ana yi wa ƙarfe mai lulluɓin zinki walda yana jawo zazzaɓi. Wasu magungunan wanke birki masu sinadarin kulorin suna rikiɗa su zama iskar fosjin mai kisa idan wutar walda ta taɓa su. Fesa yashi don kankare tsatsa yana cusa ƙurar silika a huhu, fenti mai haɗi biyu kuma, wanda ake gauraya shi da sinadarin da ke ƙarfafa shi, yana ɗauke da isosayanet mai haddasa asma, wanda takunkumin takarda ba ya tarewa. Tartsatsi yana iya laɓewa cikin tsohon baƙin shafen ƙarƙashin mota ya tashi bayan an bar wurin, saboda haka abin kashe gobara ya kasance kusa, a kuma daɗe ana dubawa bayan an ajiye aiki.

Rufe ƙarfe

Tsatsar da ta tsaya a sama ana goge ta, a shafa ruwan asid na fosforik wanda ke mayar da ita baƙin ɓawo mai karɓar fenti. Maganin ba ya dawo da ƙarfen da ya tafi. Ƙarfe tsirara yana soma ja cikin ɗan lokaci idan akwai danshi, don haka ana gaggauta fesa masa fentin farko na efoksi, a bi bakin haɗi da abin toshewa. Fila ta gyaran fuska ce kawai, kada kaurinta ya wuce kamar milimita 3. Bayan fenti sai a zura siririn tiyo cikin dokin ƙofa da ƙarafunan shasi a fesa kakin kariya har ya ɗigo ta hujojin tsiyaya, a tabbatar hujojin a buɗe suke, a kuma sabunta kakin bayan 'yan shekaru.