Waiwaye: Daga neman rage ƙiba zuwa gaba da abinci

Likitoci sun daɗe da sanin cewa akwai mai ƙin abinci har ya kai bakin kabari alhali kwano na gabansa. A 1689 wani likitan Ingila, Richard Morton, ya ba da bayanin wata budurwa da ta koma fata da ƙashi, babu tari babu zazzaɓi. A 1873 William Gull a Landan da Charles Lasègue a Faris suka fayyace cutar, Gull ya raɗa mata suna anoreksiya. Abin da aka jima ba a gano ba shi ne alaƙarta da rage ci da gangan, wanda ya zama yayi a Turai bayan 1863, lokacin da William Banting ya wallafa yadda ya rage teɓa da barin sukari da burodi da dankali.

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga Jami'ar Minnesota a Amurka tsakanin 1944 da 1945. Ancel Keys ya ɗauki maza 36 lafiyayyu, waɗanda aka tantance jikinsu da hankalinsu. Wata uku suna ci su ƙoshi, sannan aka raba abincinsu biyu har tsawon wata shida: dankali da kabeji da burodi, kuma dole su riƙa doguwar tafiya a ƙasa kowane mako. Suka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. An yi tsammanin ramar, amma ba a yi tsammanin abin da ya sami tunaninsu ba. Hirarsu ta koma abinci, mafarkinsu abinci. Wasu suka shiga tara littattafan girki, suna lashe faranti, suna jan 'yar loma biyu tsawon sa'o'i. Fushi ya yi yawa, sha'awar mace ta mutu, baƙin ciki ya lulluɓe su. A lokacin farfaɗowa ɗayansu ya datse yatsunsa uku da gatari. Da aka sakar musu mara, wasu suka riƙa ci har su yi amai, kuma yunwar ba ta tafi ba. Mutanen nan ba su zo da wata lalura ba, yunwa ce kaɗai ta mai da su haka. Duk mai ba da shawara kan rage ƙiba ya kamata ya san wannan binciken kafin ya buɗe baki.

Daga nan sai aka fara lura da waɗanda sikeli ba ya tona asirinsu. A 1959 Albert Stunkard ya bayyana masu ci babu ƙaƙƙautawa a zama ɗaya, suna jin sun kasa tsayawa, kunya ta biyo baya. A 1979 Gerald Russell ya bayyana bulimiya: a ci da yawa, a sa yatsa a maƙogwaro ko a sha maganin zawo. Sai a 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta amince da ci babu ƙaƙƙautawa a matsayin cuta mai zaman kanta, idan yana faruwa aƙalla sau ɗaya a mako har wata uku. Jinkirin ya yi wa masu ƙiba illa, domin shekara da shekaru abin da ake faɗa musu kawai shi ne su kama bakinsu.

Magungunan rage ƙiba ma sun bar tabo. An janye haɗin fen-phen a 1997 saboda lalata zuciya, an dakatar da rimonabant a Turai a 2008 saboda yana jefa mutane cikin ciwon damuwa da tunanin kashe kai. Allurar semaglutide da Amurka ta amince da ita don rage ƙiba a 2021 tana aiki, sai dai tana kashe sha'awar ci, don haka akwai haɗari idan ta faɗa hannun mai gaba da abinci.

Kada a ɗauka cutar Turawa ce. A tsibirin Fiji ana yabon mace mai jiki, kamar yadda aka saba a ƙasar Hausa. Talabijin ya isa yankin Nadroga a 1995, kuma a lokacin babu ko ɗaya cikin 'yan matan makarantar da Anne Becker ta tambaya da ke amai don rage nauyi. A 1998 sun kai kashi 11 cikin 100. A wajenmu yau ana tallan sha-ka-fashe da shayin rage tumbi a waya ɗaya. Da yawa cikin irin shayin nan ganyen filasko ne a ciki, ruwa da gishirin jiki yake fitarwa, kitse na nan inda yake. Wani bincike a Ostireliya da aka buga a 1999 ya nuna 'yan matan da ke tsananta wa kansu wajen rage ci sun ninka waɗanda ba sa rage ci sau 18 wajen kamuwa da irin waɗannan cututtuka.

Yadda abin ke lalacewa kusan iri ɗaya ne. Mutum ya hana kansa karin kumallo da abincin rana, yunwa ta kai shi bango da dare, ya ci fiye da kima, ya zargi kansa, gobe ya ƙara matsawa. Yawan amai yana zubar da sinadarin fotasiyom, bugun zuciya ya rikice, haƙora su zaizaye, kumatu su kumbura. Alamun da iyali za su lura da su sun haɗa da shiga banɗaki da zarar an tashi daga ci, hawa sikeli sau da yawa a rana, ɗaukewar al'ada, jin sanyi kullum, da zubar da sama da kilo 6 cikin wata uku.

Rage nauyi mai aminci ba ya wuce rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Ga wanda ya riga ya faɗa, maganin da Christopher Fairburn ya tsara a Oxford zama 20 ne da masanin halayya cikin mako 20, kuma yana farawa da daidaita ci: abinci sau uku, ɗan taɓa-ka-lashe sau biyu ko uku, kada tazara ta wuce awa huɗu. Yara kuwa iyaye ake ɗora wa ragamar ciyarwa, tsarin da ya samo asali daga asibitin Maudsley na Landan. Wanda ya rame sosai ba a ɗura masa abinci a gida lokaci ɗaya, domin sinadarin fosfet na jini yana iya faɗuwa cikin kwanakin farko zuciya ta tsaya. Irin wannan sai a asibiti, ana ƙara abincin sannu a hankali ana gwada jini.