Rikicin ruwan sha na Flint

Rikicin ruwan sha na Flint gurɓacewar ruwan famfo ce da gubar dalma a birnin Flint na jihar Michigan, Amurka, wadda ta fara a 2014. Akan kafa misali da shi idan ana muhawara kan haƙƙin jama'a na sanin abin da ke cikin ruwan da suke sha.

Asali

A ranar 25 ga Afrilu 2014, lokacin da birnin yake hannun kantoman da gwamnatin jiha ta naɗa, aka daina sayen ruwa daga Detroit, aka koma jan ruwan Kogin Flint domin rage kashe kuɗi. Ba a zuba sinadarin da ke hana ruwa cin bututu ba, sai dalmar tsofaffin bututu ta riƙa narkewa a ciki. Mazauna birnin kusan 100,000 ne, yawancinsu baƙaƙen fata.

Abin da hukuma ta sani

Tun watannin farko mutane suka yi ta kukan launi da warin ruwan, ana ce musu lafiyarsa ƙalau. A Oktoba 2014 kamfanin ƙera motoci na General Motors ya daina amfani da shi, saboda yana sa sassan injin tsatsa. A Janairu 2015 jihar ta kai wa ma'aikatanta na Flint ruwan sha na daban, alhali talakawa suna ci gaba da shan na famfo. A watan Yuni, Miguel Del Toral na hukumar kare muhalli ta tarayya ya rubuta rahoton gargaɗi kan dalma a ruwan, amma shugabanninsa suka ce rahoton bai kammala ba.

Daga wajen gwamnati asiri ya tonu. A Satumba 2015 Farfesa Marc Edwards ya fitar da sakamakon gwajin da ya nuna yawan dalma a ruwan gidaje, likitar yara Mona Hanna-Attisha kuma ta nuna dalma ta ƙaru a jinin ƙananan yara. Da farko jami'an jiha sun ƙaryata ta. An koma ruwan Detroit a Oktoba.

Cutar Legionnaires, mai kama huhu, wadda ake dangantawa da ruwan, ta kashe aƙalla mutum 12 a wannan tsakani. Sai a Janairu 2016 Gwamna Rick Snyder ya sanar da ɓullarta, ko da yake saƙonnin imel sun nuna wasu jami'ai sun sani tun wajen farkon 2015.

Muhawara

Masu kare jami'an sun ce ana jiran tabbacin kimiyya ne kafin a tayar wa jama'a da hankali. Hujjar tana da rauni. Narkakkiyar dalma ba ta da ɗanɗano ko wari, tafasa ruwa ba ya fitar da ita, kuma illarta ga ƙwaƙwalwar yaro ba ta warkewa. Uwar da ba a faɗa wa ba, da wannan ruwan za ta dama wa jaririnta madara.

Shari'a

A Nuwamba 2021 kotu ta amince da diyyar dala miliyan 626, mafi yawanta ga yara. Tuhumar da aka yi wa Snyder da wasu jami'ai ta rushe bayan hukuncin Kotun Ƙolin Michigan na 2022 kan yadda aka shigar da ƙarar.